Yadda makaho zai matse babban fayil ya rarraba shi ba tare da aron idon kowa ba

"Assalamu alaikum Malam. Ni makaho ne, ina amfani da NVDA, manhajar da ke karanta mini allon kwamfuta da murya, a kan Windows 11. Ina da folda ta karatuttukan da na ɗauka da rikoda tsawon zango guda, kusan gigabait 7, ciki har da bidiyon wata lacca da shi kaɗai ya kai gigabait 5. Ina son in tura wa wani abokina, shi ma makaho ne, yana wani gari. Na sa a filash mai gigabait 32 da babu komai a cikinsa, sai kwamfuta ta ce bidiyon ya yi girma. Na mai da foldar zip, da na duba kusan girmanta bai canja ba. An ce mini ana iya yanka fayil gida-gida, amma duk bayanin da na samu cewa ake yi danna nan, ja can, ni kuwa ba na amfani da maus. Ta yaya zan yi wannan da kaina?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni ma da kunne nake aiki da kwamfuta, kuma na daɗe ina koya wa 'yan'uwanmu makafi, don haka na san wannan bayanin na "danna nan" da ba ya gaya wa mutum komai. In na fahimce ka, abu uku ne suka tsaya maka: filash ya ƙi karɓar fayil alhali yana da wuri, zip bai rage girma ba, sannan kana neman hanyar yanka fayil da madannai kawai. Zan ƙara maka na huɗu da ba ka tambaya ba, domin shi ne wanda ya fi ba mu wahala mu makafi: bayan ka gama, ta yaya za ka tabbatar aikin ya yi kyau, kuma ta yaya abokinka zai haɗa abin da ka yanka? Mai gani yana hango jan rubutu ko alamar gargaɗi da gefen ido. Mu kuwa taga na iya buɗewa ta rufe ba mu ji komai ba, sai bayan kwana uku a kira mu a ce fayil bai buɗu ba.

Dalilin da zip bai rage komai ba

Matse fayil da rarraba fayil ayyuka ne biyu daban, ko da yake manhaja ɗaya ce ke yin su. Matsewa tana neman abin da ya maimaitu a cikin fayil ne. Idan wata jimla ta zo sau ɗari, sai a rubuta ta sau ɗaya, sauran wuraren a sa 'yar alama mai cewa koma can ka ɗauko. Wannan dabarar ta fito ne daga aikin masana biyu, Abraham Lempel da Jacob Ziv, a 1977, kuma a kanta aka gina yadda zip ke matsewa, wanda Phil Katz ya fitar a Amurka a 1989. Rubutu zalla yana matsuwa sosai domin kalmomi suna yawan maimaituwa. Amma MP3 da MP4 da M4A da hoton JPG an riga an matse su tun lokacin da aka yi su. Buhun auduga in ka hau kansa zai koma rabi, buhun gero kuwa ko ka kwana kana dannawa yana nan yadda yake. Bidiyonka buhun gero ne. Har takardun Word na zamani masu ƙarewa da docx, a cikinsu zip ne aka canja wa suna, shi ya sa su ma ba sa raguwa da yawa.

Don haka kada ka ɓata awa biyu kana matse bidiyo da mataki mafi ƙarfi. Abin da za ka samu bai kai wutar da ka ƙona ba.

Amma kafin mu kai ga yanka, bari in tambaye ka abin da nake tambayar duk ɗalibin da ya zo mini da irin wannan: abokinka yana buƙatar hoton bidiyon kuwa? Ka ce shi ma makaho ne, kuma lacca ce. Mafi yawan gigabait 5 ɗin nan hoto ne, murya kaɗan ce a ciki. Idan ka cire muryar kaɗai ka mai da ita MP3 mai kilobit 64 a daƙiƙa, wanda ya isa sosai ga magana, kowace awa ɗaya ba za ta kai megabait 30 ba. Lissafin a fili yake: kilobit 64 shi ne bait 8,000 a daƙiƙa, ka ninka da daƙiƙa 3,600, ka sami megabait 28.8. Laccar awa uku ke nan ba ta kai megabait 90 ba. Haka ma sauran karatuttukan. Ka duba ƙarshen sunayensu. Idan WAV ne, to wannan sauti ne ɗanye da ba a matse ba, kuma a ingancin faifan CD yana cin kusan megabait 10 kowane minti, wato sama da megabait 600 a awa. Mai da shi MP3 irin wanda na faɗa zai rage shi kusan ninki ashirin. Wannan ita ce matsewar da ta dace da sauti, ba zip ba.

Abin da nake amfani da shi wajen wannan shi ne FFmpeg. Kyauta ne, kuma ba shi da maɓallai ko hotuna, umarni kawai ake rubuta masa, wanda a wajenmu alheri ne. A Windows 11 za ka iya saka shi ta hanyar buɗe tagar umarni ka rubuta winget install Gyan.FFmpeg. Bayan ya gama sai ka rufe tagar, ka shiga foldar karatun, ka danna Alt da D don ka je layin adireshi, ka rubuta cmd ka danna Enter. Tagar umarni za ta buɗe a cikin wannan foldar. Sai ka rubuta:

ffmpeg -i lacca.mp4 -vn -ac 1 -b:a 64k lacca.mp3

Ma'anar -vn ita ce a bar hoto, -ac 1 a mai da sautin layi ɗaya, 64k kuma ingancin da muka ambata. Asalin bidiyon ba ya taɓuwa, sabon fayil ake yi a gefensa. Ka sani dai wannan matsewa ce mai zubar da wani abu, ba a dawo da abin da aka cire daga MP3 ɗin. Idan malamin ya yi ta nuna abubuwa a allo da abokinka zai so wani ya karanta masa daga baya, ko kuma kana son a adana karatun da cikakken ingancinsa, to ka tura asalin. Ga sauti akwai FLAC, wanda ba ya zubar da komai kuma yakan rage WAV zuwa wajen rabi.

Abin da ya hana filash karɓa

Filash ɗinka lafiyarsa ƙalau. Tsarin da aka shirya shi da shi ne, FAT32, ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, komai yawan wurin da ya rage. Filasai da yawa masu gigabait 32 zuwa ƙasa da wannan tsarin suke zuwa daga kasuwa. Don ka tabbatar, ka tsaya a kan filash ɗin a This PC, ka danna Alt da Enter, sannan maɓallin NVDA (wato Insert, ko Caps Lock in haka ka saita shi) da B don ya karanto maka tagar duka. Za ka ji inda ya ce File system.

Mafita ɗaya ita ce a sake shirya filash ɗin zuwa exFAT, wanda ba shi da wannan iyakar. Amma ina jan kunnenka a kan abu biyu. Na farko, format yana share duk abin da ke ciki, kuma kuskuren da na fi jin tsoro ga makaho shi ne ya share abin da ba shi ya nufa ba, domin haruffan D da E da G suna kama da juna a bakin na'urar magana in tana sauri. Ni kafin in yi format sai na cire duk wani filash da mimori da ke jikin kwamfutar, in bar guda ɗaya, in danna F2 in raɗa masa suna da ba zan ruɗe da shi ba, sannan in saurari sunan a tagar format kafin in amince. Na biyu, ƙananan rediyoyi masu cin filash da muke sauraren karatu da su a gida, da wasu na mota, da yawansu FAT32 kaɗai suke ganewa. Idan abokinka a irin wannan zai saurara, exFAT zai hana shi, haka ma zip ko 7z, tsarin manhajar 7-Zip da zan yi bayani a gaba. MP3 tsagwaronsa kawai zai yi masa amfani.

Yanka fayil da 7-Zip

Idan dai asalin bidiyon kake son ya tafi, to yanka shi za mu yi. Zip ɗin da ke cikin Windows ba ya rarraba fayil. Abin da nake ba da shawara shi ne 7-Zip, wanda wani ɗan Rasha, Igor Pavlov, ya fara fitarwa a 1999. Kyauta ne, ba talla, kuma abin da ya sa nake son sa shi ne tagoginsa na gargajiyar Windows ne, NVDA da JAWS da Narrator duk suna karanta su. Ka sauke shi daga shafinsa na asali, ko ka rubuta winget install 7zip.7zip a tagar umarni.

Ka tsaya a kan foldar ba tare da ka buɗe ta ba, ka danna maɓallin Applications, ko Shift da F10 in kwamfutarka ba ta da shi. A Windows 11 jerin da ke fara fitowa gajere ne, sau da yawa ba za ka ji 7-Zip a ciki ba. Ka nemi Show more options ka danna Enter, tsohon jerin zai fito. Ka sauka da kibiya har ka ji 7-Zip, ka danna kibiyar dama, ka zaɓi Add to archive. Tagar da za ta buɗe tana da wurare da yawa, kuma da Tab za ka bi su, amma huɗu kawai suka dame ka.

Wuri na farko sunan fayil ne. Ka ba shi gajeren suna, kamar karatu. Na biyu Archive format, ka zaɓi 7z. Na uku Compression level. Ga bidiyo da MP3 ka zaɓi Store, wato a tattara kawai ba a matse ba. Zai gama da sauri, kuma akwai wani amfani da masu gani ba sa lura da shi. Idan ka zaɓi Ultra a tsohuwar kwamfuta, 7-Zip zai cinye ƙarfin injin da mimorinsa, NVDA ya koma yana magana a makare, ka danna maɓalli sai bayan daƙiƙu ka ji amsa. Mai gani zai ga dai kwamfutar ta yi nauyi, kai kuwa an toshe maka hanyar da kake sanin abin da ke faruwa. In dole ne ka matse da ƙarfi, kamar tarin littattafai na rubutu, to ka je Number of CPU threads ka rage adadin don ka bar wa NVDA wurin numfashi.

Wuri na huɗu shi ne Split to volumes, bytes. A nan ake yankan. Akwai zaɓuɓɓukan da aka tanada, ciki har da 4092M wanda aka yi saboda FAT32, amma kana iya rubuta naka: lamba sannan harafin m, kamar 500m. Kada ka manta da m ɗin. Idan ka rubuta 500 kawai, bait 500 ka ce, kuma gigabait 7 a haka miliyoyin gutsattsari ne. Bayan ka rubuta, ka saurari abin da ka rubuta harafi-harafi da kibiya kafin ka je OK.

Girman da za ka zaɓa ya danganta da hanyar da kayan za su bi. In filash ne, 4092M ya isa, foldarka za ta fito kashi biyu. WhatsApp yana ɗaukar fayil har gigabait 2 idan ka tura shi a matsayin takarda, Telegram ma gigabait 2, ko 4 ga masu biyan kuɗi. Gmail megabait 25 ne iyakarsa, kuma da yake imel yana kumbura fayil da kusan kashi ɗaya cikin uku wajen aikawa, ba hanyar irin wannan kaya ba ce. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, can ba ka ma buƙatar yanka saboda iyaka. Sai dai ni ko hanyar ta yarda da gigabait 2 ba na kaiwa can. Da yadda sabis ke yankewa da yadda ake ɗauke wuta a wajenmu, fayil mai gigabait 2 da ya katse a kusa da ƙarshe asarar data ce mai ciwo. Nakan tsaya tsakanin 300m da 500m. A 500m, gigabait 7 zai ba ka kashi 15. In ɗaya ya lalace shi kaɗai za a sake turawa. Kada kuma ka ƙanƙanta su har su kai ɗari, domin bin sunaye ɗari da kunne don gano wanda ya ɓace aiki ne mai gajiyarwa.

Lokacin da yake aiki, NVDA zai riƙa yin ɗan sauti da ke ƙara tsini yayin da aikin ke gaba. In ba ka ji ba, ka danna maɓallin NVDA da U, yana juyawa tsakanin shiru, sauti, faɗin kashi nawa cikin ɗari, ko duka biyun. In kana son ka ci gaba da wani aiki a wata taga kana jin sautin, ka danna NVDA da Control da O, ka kunna wurin da ya shafi background progress bars. Idan komai ya tafi daidai, tagar 7-Zip rufewa kawai take yi ba ta ce komai. A cikin foldar za ka tarar da karatu.7z.001, karatu.7z.002, har zuwa na ƙarshe.

Ni a yanzu da umarni nake yin wannan duka, domin layi ɗaya ya fi mini bin Tab sau goma sha:

"C:\Program Files\7-Zip\7z.exe" a -mx0 -v500m karatu.7z karatu

Harafin a yana nufin tattarawa, -mx0 shi ne Store, -v500m girman kowane kashi, sannan sunan da kake so, sannan sunan foldar. Amfanin wannan hanyar shi ne in ya gama yana rubuta Everything is Ok, NVDA ya karanto maka, ba shirun da za ka tsaya kana fassarawa. Kafin ka fara ka tabbatar kwamfutar tana da wurin da ya kai girman foldar, domin kwafi na biyu ake yi. Kuma ka gama haɗa kayanka kafin ka yanka, 7-Zip ba ya ƙara sabon fayil cikin abin da aka riga aka rarraba.

Ga sauti akwai wani irin yanka da na fi so nesa ba kusa ba. Gutsattsarin 7-Zip ba su da amfani sai sun cika duka, ba a sauraren kashi na uku shi kaɗai. FFmpeg kuwa yana iya yanka doguwar lacca zuwa MP3 na minti talatin-talatin, kowanne yana kunnuwa da kansa:

ffmpeg -i lacca.mp3 -f segment -segment_time 1800 -c copy lacca%02d.mp3

Za ka sami lacca00, lacca01, lacca02 da sauransu, ba tare da ingancin ya ragu ba. Abokinka zai fara saurare tun na farko ya iso, ba ya buƙatar saka wata manhaja, kuma neman wurin da ya tsaya jiya ya fi sauƙi a fayil na rabin awa fiye da na awa uku.

Yadda za ka ji cewa aikin ya yi

A nan nake son ka fi mai da hankali. Na taɓa tura wa wata ɗalibata littattafan sauti kashi tara ana gab da jarrabawa. Ta sauke su duka, ta ƙirga tara, amma suka ƙi buɗuwa. Muka kwashe yini muna waya, ta sake sauke wasu da kuɗin datarta, sai daga baya muka gano kashi na shida ne bai gama sauka ba. Sunansa yana nan daidai, cikinsa ne rabi. Abin ya dame ni ƙwarai domin lokacin karatunta ne ya tafi, kuma tun daga ranar ba na tura komai sai da matakai biyu.

Na farko gwaji kafin turawa. Ka tsaya a kan karatu.7z.001, ka buɗe jerin 7-Zip kamar ɗazu, ka zaɓi Test archive. Zai bi dukkan kashin ya duba, a ƙarshe ya fito da saƙo. Abin da kake son ji shi ne There are no errors. In saƙon ya wuce ka, NVDA da B zai maimaita. Da umarni kuwa, sai ka sa harafin t a maimakon a, ka ba shi sunan kashi na farko.

Na biyu, ka ba abokinka abin da zai auna nasa da shi. Mafi sauƙi shi ne girma. Dukkan kashin girmansu ɗaya ne in ban da na ƙarshe. Idan da 500m ka yanka, kowanne bait 524,288,000 ne cif. Ya buɗe tagar umarni a foldar ya rubuta dir, ya bi layukan, duk wanda lambarsa ta bambanta kuma ba shi ne na ƙarshe ba, shi ne mai matsalar. Da mun san wannan a lokacin, da minti biyu sun ishe mu. In girman ya yi daidai amma gwaji yana cewa CRC failed ko Data error, to wani abu ya gurɓace a ciki, sai a koma ga lambar shaida, wato lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil, wadda ke canjawa in fayil ya canja. Masana sukan ce a yi amfani da SHA-256, kuma gaskiyarsu ne in ana tsoron wani ya canja fayil da gangan. Amma haruffa 64 ne, kuma duk wanda ya taɓa sauraren haruffa 64 a jere yana kwatantawa ya san abin da nake nufi. Don gano lalacewar hanya kawai, CRC32 ya wadatar, haruffa takwas ne, ana karanta su a waya. Umarnin shi ne na 7z.exe ɗin nan, sai harafin h, sai karatu.7z.* kuma zai jero lambar kowane kashi. In ka ƙara > shaida.txt a ƙarshen layin, zai zuba sakamakon a fayil da za ka buɗe a Notepad ka bi a natse, ka kuma tura masa tare da kayan. In kuwa dole sai SHA-256, kada ka saurare shi. Ka kwafi lambar ɗaya, ka buɗe ɗayan a Notepad, ka danna Control da F ka manna. In ya samo ta daidai suke, in ya ce bai samu ba sun bambanta.

Ɓangaren abokinka

Shi ma sai ya saka 7-Zip. Ya tara dukkan kashin a folda ɗaya, ya tsaya a kan mai ƙarewa da 001 kaɗai, ya zaɓi Extract to daga jerin 7-Zip. Ba ya buƙatar taɓa sauran, da kansa zai jawo su. Yana buƙatar wuri ninki biyu, na gutsattsarin da na abin da za a fitar.

Abin da ya fi kawo cikas a nan suna ne. In mutum ya sauke fayil sau biyu, kwamfuta takan liƙa wa na biyun lamba a cikin baka, sai 7-Zip ya kasa gane shi a jerin. Kuma NVDA a yadda yake zuwa ba ya furta dukkan alamomin rubutu, don haka sunan da ya lalace yana iya shigowa kunne kamar lafiyayye. Ya danna F2 a kan fayil ɗin, ya bi sunan harafi-harafi da kibiya, ya gyara, ko ya danna Escape in daidai yake. Ku duka biyun ku sa Windows ya riƙa nuna ƙarshen sunayen fayil: Windows da R, a rubuta control folders, a je shafin View, a cire alamar Hide extensions for known file types da Space. Ban san abin da ya kai wannan ƙaramin gyaran rage wa makaho ruɗani a harkar fayil ba.

Wani abu da ya shafe mu masu rubuta Hausa: haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Tsarin 7z yana adana su lafiya, amma tsofaffin manhajojin zip da ƙananan na'urorin sauraro sukan mai da su wasu alamomi marasa ma'ana, kuma muryar Turanci ta na'urar magana takan tsallake su ko ta furta su a karkace. A sunan fayil da zai yi tafiya nakan yi amfani da k da d da b zalla, in sa lamba a gaba da sifiri, 01, 02, har 10, domin wasu na'urori suna jera 10 kafin 2 in babu sifirin.

In a waya zai karɓa, ZArchiver a Android yana haɗa gutsattsarin 7z, amma bin fayil goma sha biyar da TalkBack, mai karanta allon wayar Android, ya fi yin hakan a kwamfuta wahala, kuma wannan ma dalili ne na fifita MP3 tsagwaro ga mai waya. Aikina na yau da kullum a kan Windows yake, don haka matakan da na jero na Windows ne.

Kalmar sirri, da inda 7-Zip ya gaza

Idan akwai abin sirri a ciki, a tagar nan ta Add to archive akwai wurin kalmar sirri, kuma 7z yana kullewa da AES-256 mai ƙarfi. Ka sa abin saurare a kunne, ka kunna Show password, domin in ba haka ba NVDA tauraro kawai zai riƙa ce maka, ba za ka san ko yatsa ya zame ba. In ka manta kalmar babu wanda zai buɗe maka. Ka faɗa wa abokinka ita ta waya, kada ka rubuta ta a wurin da ka tura fayil ɗin. Ga karatun makaranta dai ban ga buƙatarta ba, ƙarin wurin tuntuɓe ne kawai.

Raunin 7-Zip shi ne yana gano lalacewa amma ba ya gyara ta. WinRAR, mai tsarin RAR na Eugene Roshal, yana da abin da ake kira recovery record, wato ƙarin bayanai da ake haɗawa da fayil don in wani ɗan wuri ya gurɓace a iya ɗinke shi. Wannan yana da amfani in filash ne zai yi doguwar tafiya a hannun direba, kuma sake turawa zai ɗauki mako. Amma WinRAR na kuɗi ne bayan gwajin kwana 40, kuma 7-Zip yana buɗe RAR ne kawai, ba ya yin sa. Ga abin da za a tura ta intanet, inda sake aika kashi ɗaya ba wuya, ban ga dalilin sayensa ba. In filash ɗin ne zai tafi kuma akwai wuri, ka sa kwafi biyu a folda daban-daban, gigabait 32 zai ɗauka.

Kada ka share asalin foldar, kada kuma ka share gutsattsarin da ke wajenka, domin in ka sake yankawa daga baya ba lallai sabon kashi na shida ya dace da tsofaffin da ke hannunsa ba. Ka bar su har sai ya kira ka ya ce ya fitar da kayan, ya kunna laccar, ya tsallaka zuwa kusa da ƙarshenta ya ji malamin yana magana.